Gandun King: Yadda Iyali Ɗaya Suka Samar da Sabon Irin Shanu

Gabatarwa

Ɗalibin da ya karanta darasin gado a aji yakan tsaya kan waken da Mendel ya shuka, har ya ɗauka ilmin bai wuce lambu ba. A wannan maƙala za mu ga yadda ilmin nan ya yi aiki a garke, ta hanyar bin tarihin wani gandun kiwo mai suna King Ranch a kudancin jihar Texas ta Amurka. Iyalin da suka mallake shi sun shafe shekaru suna haɗa iri da zaɓe, har suka sami shanun da ake kira Santa Gertrudis, sa'an nan suka riƙa yin gwanjon bijimansu shekara-shekara.

Asalin gandun

Richard King matuƙin jirgin ruwa ne. A 1853 ya sayi fili a bakin wani rafi mai suna Santa Gertrudis, ya fara kiwo. Da ya rasu a 1885, matarsa Henrietta ta riƙe dukiyar, ta danƙa gudanarwa a hannun Robert Kleberg, wanda ya auri 'yarsu Alice. Daga baya ɗansu, Robert ƙarami, ya karɓi ragama har rasuwarsa a 1974. Faɗin gandun ya kai eka 825,000, wato fiye da murabba'in kilomita 3,300, kuma har yanzu yana hannun zuriyar King.

Matsalar da suka tarar

Shanun da King ya fara da su masu dogayen ƙahoni ne, jikokin waɗanda mutanen Sifen suka kai nahiyar. Suna jure zafi da ƙishirwa, amma ba su da nama, ga jinkirin girma. Sai aka sayo shanun Ingila irin su Shorthorn, masu kauri da saurin ƙiba. Su kuma ƙasar ba ta karɓe su ba: zafi ya hana su kiwo da rana, kaska ta addabe su. A 1893 masana biyu, Smith da Kilborne, suka tabbatar cewa kaska ce ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin shanun yankin. Ga nama babu juriya, ga juriya babu nama.

Mafita ta fito daga shanu masu tozo, 'yan asalin Indiya, waɗanda Amurkawa ke kira Brahman. Dangi ne na Bunaji da Bokolo da Rahaji da muke gani a karkararmu. Gashinsu gajere ne, suna fitar da gumi sosai, kuma fatarsu mai yalwa tana taimaka musu wajen sauke zafin jiki. Kaska ma ba ta cin su kamar yadda take cin shanun Turai.

Lissafin haɗin iri

Wajen 1918 gandun ya sayo bijimai 52 waɗanda aƙalla kashi uku cikin huɗu na jininsu Brahman ne, aka sake su cikin shanun Shorthorn tsantsa. A nan ɗalibi ya ɗauki alƙalami. Kowane maraƙi yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uba, rabi daga uwa. Rabin 3/4 shi ne 3/8. Uwa kuwa ba ta da jinin Brahman ko kaɗan. Ke nan maraƙi zai tashi da 3/8 na Brahman da 5/8 na Shorthorn. Wannan shi ne ma'aunin da aka san Santa Gertrudis da shi.

Sai dai lissafi kaɗai ba ya samar da iri. Idan aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, 'ya'yan sukan fito barkatai: wani ja, wani roɗi-roɗi, wani ya koma kamar kakansa mai tozo. Dalili shi ne ƙwayoyin gado suna rarrabuwa su sake haɗuwa a kowace haihuwa, kamar yadda Mendel ya gani. Ana kiran dabbobi iri ɗaya ne in 'ya'yansu suna fitowa kamar iyayensu a kai a kai.

A 1920 aka haifi wani jan maraƙi mai yawan wasa, makiyaya suka laƙaba masa suna Monkey, wato biri. Ya girma da sauri, jikinsa ya cika, kuma abin da ya fi muhimmanci, 'ya'yansa suka riƙa ɗauko kamanninsa. Kafin ya mutu a 1932 ya bar 'ya'ya maza fiye da 150 da aka yi amfani da su wajen barbara. Robert ƙarami ya riƙa haɗa zuriyar wannan bijimi a tsakaninsu, yana ware kowane garke da bijiminsa ɗaya domin a san uban kowane maraƙi.

Wannan hanya tana da haɗari. Haɗa dangi na kusa yana tara kyawawan halaye, yana kuma fito da aibin da ya ɓuya, kamar raunin jiki da ƙarancin haihuwa. Maganin da suka yi shi ne tankaɗe da rairaya: duk dabbar da ta gaza, a fiɗiye ta ko a kai ta mahauta. Yawan shanunsu ne ya ba su damar yin haka ba tare da garke ya ƙare ba. A tuna kuma saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, karsana ba ta haihuwa sai ta kai shekara biyu ko fiye, saboda haka ba a ganin sakamakon zaɓe sai bayan shekaru. A 1940 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta amince da Santa Gertrudis a matsayin irin shanun nama na farko da aka samar a ƙasar.

Gwanjon shekara-shekara

A watan Nuwamba 1950 gandun ya yi gwanjonsa na farko, inda aka sayar da bijimai 29 tare da dawaki. Daga nan abin ya zama al'adar kowace shekara, masu saye suna zuwa daga jihohi da ƙasashe daban-daban. A 1952 irin ya isa Ostareliya, inda ya karɓu ƙwarai.

Gwanjon ya bambanta da cinikin kara da muka saba. A kara dillali yana duban ƙiba, ya taɓa ƙugu, ya ƙiyasta nama. A gwanjon iri kuwa mai saye yana biyan kuɗin maruƙan da ba a haifa ba tukuna. Saniya maraƙi ɗaya take bayarwa a shekara, amma bijimi ɗaya yana iya hawan shanu 25 zuwa 30 a kaka guda, kuma rabin gadon kowane maraƙi nasa ne. Kuskure wajen sayen bijimi yana bin garke shekara da shekaru. Shi ya sa mai saye ke neman sanin uwa da uba da nauyin dabba lokacin yaye. Ga masu gandun kuma, ranar gwanjo ranar jarrabawa ce: farashin da aka taya shi ne makin da sauran makiyaya suka ba aikinsu.

Darasi gare mu

Kada mai karatu ya ɗauka sayo bijimin waje shi ne magani. A tashar Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru an haɗa Brahman na Amurka da Gudali, aka sami shanu masu girma, amma cutar kirci ta yi musu illa fiye da shanun gida. Irin da ya dace da wata ƙasa ba lalle ne ya dace da wata ba. Abin koyi daga iyalin King shi ne sanin matsalar wurinka, da rubuta tarihin kowace dabba, da haƙurin zaɓe. Makiyayanmu sun daɗe suna riƙe asalin shanunsu da ka, uwa da kaka. Abin da ya rage shi ne ma'auni da littafi.

Aikin aji

1. In aka haɗa bijimi mai rabin jinin Bokolo da saniya Bunaji tsantsa, kashi nawa na jinin Bokolo maraƙi zai ɗauka?

2. Kawo amfani ɗaya da illa ɗaya na haɗa dabbobi dangin juna.

3. Ziyarci makiyayi a yankinku, ka tambaye shi siffofin da yake dubawa kafin ya bar maraƙi ya zama bijimin garke.