Injin Wanke-wanke da Tattalin Ruwa da Wuta

Injin wanke-wanke na'ura ce mai siffar akwati wadda ake jera kwanuka da farantai da cokula a cikinta, ta feshe su da ruwan zafi mai sabulu, ta ɗauraye su, sannan ta busar. Wata Ba'amurkiya mai suna Josephine Cochrane ce ta yi rajistar irin wanda ya fara karɓuwa a shekarar 1886, kuma otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye, tun kafin ya bazu a gidajen Amurka da Turai.

Injin ba ya cika cikinsa da ruwa kamar yadda wasu ke zato. Kaɗan yake ja, ya dafa shi, sannan famfo ya tura shi ta cikin wasu hannuwa masu ƙananan huji da ke juyawa suna feshi, ruwan ya gangaro ƙasa, mataci ya tare dattin, a sake tura shi sama. Shi ya sa injin zamani ke gama wanki guda da lita 10 zuwa 15, alhali famfon da aka bari yana zuba yakan zubar da haka cikin minti biyu. Sai dai ko a cike yake ko da kwano uku, kusan ruwa da wuta ɗaya zai ci, saboda haka tattali na farko shi ne a dakata har kaya su taru.

Babbar ɓarna tana wajen ɗauraye kwanuka a famfo kafin a saka su, domin wanki biyu ke nan aka yi. Ya wadatar a kankare ragowar abinci da ƙashi a zubar. Tukunyar tuwo ce kawai ke neman a jiƙa ta tukuna, tun da ƙanzo ba ya jin feshi. Wajen jerawa kuwa, a kife kwanuka da kofuna, kada wani ya rufe wani, kuma kada doguwar mara ko babban murfi ya tare hannuwan nan, don idan suka tsaya sai an maimaita wankin.

Mafi yawan wutar da injin ke ci tana tafiya ne wajen dafa ruwa. Tsarin da aka rubuta wa Eco, wato na tattali, yana wanki da zafin kimanin digiri 50, maimakon 65 ko 70 na tsarin tukwane masu maiƙo. Yakan ɗauki awa uku ko fiye, abin da ke sa mutane ƙyamarsa bisa kuskure, amma tsawon jiƙon ne ke maye gurbin zafin, kuma wutarsa ba ta cika wuce kilowat-awa ɗaya ba, wato yunit ɗaya a mita. Idan ya gama, buɗe ƙofar kaɗan ya isa iska ta ƙarasa busarwa.

A riƙa cire matacin da ke ƙasa ana wanke shi duk mako, kuma a yi amfani da sabulun injin kawai, domin na hannu kumfarsa kan yi ambaliya. Akushi da ƙwarya da muciya kada su shiga, zafi yana tsaga su. Mai dogaro da janareta kuma ya san cewa sa'ad da injin ke dafa ruwa yana jan kusan wat 2,000, nauyin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba.