MUN CIKA ƊAKIN MARA LAFIYA, AMMA WA YA TAMBAYE SHI SALLAH?



'Yan uwa, shekaranjiya na je Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, dubiyar wani aminina mutumin Gwaram. An yi masa babban aiki a ciki, ranar yana kwana na huɗu. Na tarar da gadonsa zagaye da jama'a, don mota guda 'yan uwa suka yi daga gida. Wannan abin yabo ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa. Muslim kuma ya ruwaito hadisin ƙudusi da ke nuna Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama a kan mara lafiyar da ya ƙi dubawa.

Da aka ɗan watse, sai na matsa kusa da shi na ce, "Alhaji, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, Malam." Na ce, "To ya sallah?" Sai ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malam, tun da aka shiga da ni ban yi ba. Ga robar fitsari, ga ƙarin ruwa a hannu, ko juyawa ba na iyawa. Na ce in na samu tsarki na rama."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Mutumin da ba ya rasa sahun farko, ga shi a lokacin da ya fi buƙatar Ubangijinsa, kuma duk cikinmu masu sintiri babu wanda ya tuna masa. Ga abin da na faɗa masa, mu ma mu riƙe:

1. Matuƙar mutum yana cikin hankalinsa, sallah ba ta faɗuwa. Imrana ɗan Husaini (RA) yana fama da basir ya tambayi Annabi (SAW), sai ya umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Yana cikin Bukhari. Wanda ko gefen ya gagara, ya yi a rigingine da nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa.

2. In ruwa zai cutar, ko babu halin taɓa shi, a yi taimama. Mai jinya ya ajiye ɗan dutse mai tsarki kusa da gado. In bandeji yana kan gaɓar alwala, shafa a kansa ya wadatar.

3. Fitsarin da ke zuba ta roba ba da ikon mutum ba, hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari ne, wanda muka karanta tun a ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya. Ba ya hana sallah.

4. In gadon bai kalli alƙibla ba, kuma juya shi zai wahalar, ya yi yadda yake.

5. Sallolin da ya bari yana farke, ramuwa dole ce, ya fara daidai ƙarfinsa. Waɗanda suka wuce yana cikin allurar barci, malamai sun yi saɓani, ramawar ta fi kuɓutarwa.

A gabana ya yi taimama ya yi La'asar a kwance. Da ya sallame ya ce, "Malam, yau ne na ji an sauke min dutse daga ƙirji."

Sai kuma mu masu zuwa dubiya. Ina zaune wata baiwar Allah ta fito da fura mai sanyi, wai ya ɗan jiƙa maƙoshi. Allah Ya taimaka ƙaninsa ya hana. Wanda aka yi wa aiki a hanji, likita ne ke faɗin lokacin da zai fara sha da ci, domin hanjin yakan ɗauki lokaci kafin ya farfaɗo. Ko ruwan tofi ne, a tambayi ma'aikatan jinya tukuna. Wani kuma ya zauna yana ba da labarin maƙwabcinsa da aka yi wa irin aikin bai tashi ba. Haba ɗan uwa! Annabi (SAW) in ya je dubiya, kwantar da hankali yake yi, ya ce wa mara lafiya babu komai, kankarar zunubi ce in Allah Ya so.

Don haka in ka je, ka wanke hannunka kafin ka taɓa shi, kar ka zauna masa a gado, kar ka ce sai an buɗe maka ɗinkin ka gani. In kana mura, ka yi gaisuwar ta waya. Kar ka ɗauki hotonsa ka saka a Facebook ba da izininsa ba. Ka yi masa addu'ar neman waraka sau bakwai, wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Abbas (RA), sannan ka tashi. Mai ɗinki a ciki ko dariya ciwo take masa, balle amsa gaisuwar mutum ashirin.

Kafin ka fita, ka ja mai jinya gefe ka tambaye shi: akwai maganin da ba a saya ba? Ana neman jini? Yaran da aka baro a Gwaram, wa ke kai musu cefane? Abin da za ka kashe a lemo, wataƙila a nan ya fi amfani.

Wanda ke da mara lafiya a asibiti yau, don Allah ya tambaye shi sallah cikin taushin murya, ba da faɗa ba. Ku sa aminin nawa a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ce, Ya saka wa masu jinya da alheri. Wallahu a'alam.