Fenti Ba Ya Warkar Da Inji

'Ya'yana samarin Takieta, ku ba ni aron kunnuwanku. Garinmu ba shi da kogi, amma yana bakin kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi ta Damagaram har Diffa, kuma ita ce ke kwasar wasunku bayan kaka zuwa bakin Tafkin Chadi neman halal. A can, injin da ake rataya wa kwalekwale a baya shi ne jarin mutum kaf. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a 2015, aka hana kamun kifi na wasu shekaru, injuna da yawa suka daɗe a jingine. In irinsu ya shigo hannunku, kada ku fara da sayen fenti.

Ku san jikinsa tukuna. Gangar jikin injin irin su Yamaha alminiyum ce, ba baƙin ƙarfe ba, don haka tsatsarsa ba ja ba ce. Farin gari ne ke tasowa ƙarƙashin fenti, ya kumbura shi, ya bar ƙananan ramuka. Gishiri da kanwa suna ƙara masa saurin ci. Wanda ya shafa sabon fenti a kan wannan garin ya rufe cutar da ranta, za ta ci gaba da ci daga ciki.

A fara da wanki. A cire maiƙo da baƙin mai sarai da sabulu da ruwan ɗumi, a bari ya bushe. Sannan a sa samfefa, mai kaushi da fari, mai laushi daga baya, a goge har farin ƙarfe ya fito, a bi kowane rami. Kada ku sa burushin waya na baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushinsa na maƙalewa a jikin alminiyum ya haifar da sabuwar tsatsa. Nan ne aikin yake, nan ne kuma gajiya ke cewa ya isa haka. Ku daure.

Da an gama gugar, a ranar za a shafa fentin farko, wanda aka yi don alminiyum, domin shi ne ke kama ƙarfen ya riƙe na sama. Ku tambayi mai kanti da kyau. Fentin ƙasan jirgi mai haɗin jan ƙarfe kuwa, ku nisanta shi da injin, cinye alminiyum yake yi. Shafin ya zama siriri, sau biyu ko uku, kowanne ya sha iska kafin na gaba. A yi a inuwa da sanyin safiya, ba cikin ƙurar hunturu ko tsakar rana ba, ku kuma rufe hanci da baki.

Abu biyu ba a taɓa su da fenti: ƙofofin da inji ke shan ruwa don ya huce, da ɗan guntun ƙarfen nan da aka ɗaura kusa da farfela. An sa shi ne don tsatsa ta ci shi ta ƙyale injin. In kun lulluɓe shi, kun kashe amfaninsa; in ya cinye, ku sake wani. Bayan an gama, ku ba fentin kwanaki ya yi ƙarfi kafin ya shiga ruwa.

Wanda bai je tafki ba ma, wannan karatun zai yi masa amfani a kan injin ban ruwa na fadamun Matameye.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Kada ɗayanku ya yi wa ruɓaɓɓen inji kwalliya don ya sayar wa ɗan'uwansa. Mai saye zai ɗauki rayuka ya shiga tsakiyar ruwa da shi. Ku faɗi aibinsa, ku karɓi kuɗin da ya dace. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa sana'arku albarka.