Filin Shawara: Ya Sayar Da Masararmu Ya Sayo Kifin Roba

Zuwa ga Gwaggo: Ni matar aure ce a Karfi, 'ya'yana uku. Maigidana manomi ne, masara da waken suya yake yi, kuma tsakani da Allah bai taɓa barinmu da yunwa ba. Tun da ya sayi babbar waya ya kamu da kallon Turawa masu kamun kifi a YouTube. Bayan kaka ya ɗebi masara buhu biyu bai faɗa mini ba, ya sayar, ya aika Kano aka sayo masa sandar fatsa mai 'yar na'urar naɗe zare, da wasu kifayen roba masu ƙyalli da ƙugiyoyi. Duk ranar da ba aiki sai ya hau babur zuwa dam ɗin Mairuwa, ya dawo da yamma hannu rabbana. Matan unguwa har tsokanata suke, wai yaushe za a kira su cin kifi. Shekaranjiya ƙugiyar ta soki autana a yatsa. Raina ya ɓaci na ce masa kifin ma ya fi shi wayo, tun ranar ya daina cin abincina. Na yi niyyar jefa kayan a masai. Me kika gani?

Maman Auta, Karfi

'Yata, Allah ya ba yaron lafiya. Ki bar masai ya huta tukuna. Kuɗin masararki za ki zuba a ciki, kuma ranar da ya gane, magana za ta tashi daga kan kifi ta koma kan igiyar aurenki.

Sai bakin nan naki. Mutum ya wuni cikin rana, ya dawo ko ƙaya babu, tun daga zaure kunya take cinsa. Ya ji dariyar maƙwabta ya daure, ya shigo inda yake zaton za a rufa masa asiri, sai ga ki da taki. Maganar ta ba ni dariya, amma shi ba ta ba shi ba. Yau da dare ki ba shi haƙuri a kan wannan kalma ita kaɗai. Maganar masara tana nan, za mu zo kanta.

Kifin roban nan ba damfara ba ce. A 1936 wani masunci a ƙasar Finland mai suna Lauri Rapala ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai hari ga ƙaramin kifin da ya ji ciwo yana tangaɗi a ruwa. Sai ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace marar nauyi, ya lulluɓe shi da takardar cakulan mai ƙyalli, ya sa masa ƙugiya. Har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana sayar da irinsa a duniya. Ɗauko ɗaya a hankali ki duba ƙasan bakinsa, za ki ga wani ɗan harshe ya turo gaba. In an jefa shi aka fara naɗe zare, ruwa ya bugi harshen nan, sai ya nutse yana karkaɗa jiki. Mai gajeren harshe kusa da saman ruwa yake bi, mai dogo ya yi ƙasa. Wasu ma akwai 'yan ƙarafa a cikinsu masu kacau-kacau don jawo hankali.

To, wa yake ruɗa? Kifi mai farautar 'yan'uwansa, irin su giwan ruwa da tsage. A tafkin Nasser na Masar, da irin wannan roba ake jawo giwan ruwan da ya kai nauyin ƙato. Irinsa ne ake gasar fitarwa a Argungu tun 1934, ko da yake can da koma da gora ake faɗawa ruwa. A nan ƙasar, Kainji da kogin Neja da Binuwai su ne gidan waɗannan kifaye. Amma je ki bakin Mairuwa ko Gwaigwaye ki leƙa kwandon masunta, tarwaɗa da karfasa za ki fi gani. Karfasa gansakuka da 'yan ƙananan abubuwa take ci. Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, galibi da dare, da gashin bakinta da wari take gane abinci cikin laka. Roba ba ta da wari. Jefi-jefi tarwaɗa takan kai mata cafka, amma hanjin kaza da tana sun fi ta daraja a wurinta nesa ba kusa ba. Mijinki ya ga ruwan Turawa garai-garai a waya, ya yi wa rogo kallon kitse.

Da ɗan gari akan ci gari. Ki lallaɓa shi ya je ya gai da Sarkin Ruwa, ya zauna da masu kalli da birgi da gura, ya tambaye su ko ana samun tsage ko giwan ruwa, da inda duwatsu da kututture suke a ƙarƙashi, don nan mafarautan kifi ke laɓewa. In sun ce babu, ya ajiye roba ya tona tana. In akwai, ya je da sassafe ko la'asar sakaliya, ya bar wahalar da kansa da tsakar rana. In tsage ce, ya sa 'yar gajeriyar waya tsakanin zare da kifin, don haƙoranta yanke zare suke. Ya kuma nisanci inda aka shimfiɗa kalli. Ƙugiya mai baki uku in ta sarƙe a ragar mutum, faɗa ne da biyan kuɗi. Kuma magariba ta same shi a gida, kin san halin hanyoyinmu yanzu.

Yanzu ga inda gaskiyarki take. Buhu biyu ba wasa ba ne. Kowa ya san hatsi da kaka yake araha, sai damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, sannan a san darajarsa. Ke ce za ki tsaya gaban murhu ran nan yara na kallonki. Kuma na san abin da ya fi ci miki rai shi ne an ɗiba ba a ce miki komai ba, kamar ba ke ce mai auna tsabar ba. Wannan dole ya ji shi. Ki bari ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki faɗa masa da murya ƙasa: abincin gida ba a taɓa shi sai da sanin juna. Sha'awarsa ya yi ta da kuɗin aljihunsa. Kada ki kai ƙara gidansu tun ba ki gwada wannan ba.

Kada kuma ki ce sai ya daina zuwa ruwa. Namiji in ba shi da abin da ke ɗebe masa kewa da rani, zai nemo, kuma ba kullum yake nemo mai kyau ba. Gara wannan kishiyar ta roba, ba ta cin tuwo, ba ta neman kwana.

Yaron fa, kin kai shi asibiti? In ba ki kai ba, ki kai shi a wanke ciwon, a duba maganar allurar tetanus. Ƙugiya in ta nutse a nama ba a fizgarta, don tana da 'yar ƙaya mai yaga. Kayan nan a zuba su a gwangwani mai murfi, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ko kaza ba ta tsira daga gare su ba.

Ku kuma sauran masu karatu, kada wadda ta yi wa Maman Auta dariya. Wace ce a cikinku mijinta bai taɓa kwaso wani abu daga waya ba? Na wannan tattabaru, na waccan injin ƙyanƙyasar ƙwai da ke shan ƙura a bayan ɗaki. Ku iya bakinku ranar da abin ya ƙi, don ranar ce ya fi jin zafi. Ku maza, ku ji ni da kyau: mai bidiyon nan ba ya nuna muku kwanakin da ya dawo ba ko ɗaya, kuma ba masarar 'ya'yansa ya sayar ba. Kafin ku kwance bakin buhu, ku shiga ɗaki ku yi shawara da mai dafawa.

Allah ya daidaita tsakaninku, 'yata. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.

Gwaggonku