Amsar Tambaya: Zan iya canza salansar mota mai turbo a gida?

Ɗan'uwa, za ka iya, amma ka tsaya a ɓangaren baya, daga bayan matatar hayaƙi zuwa wutsiya. Wannan ɗaurin noti ne kawai: bari injin ya huce, ka tokare motar da ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita, kuma ka sa sabon gasket, domin hayaƙin da ke yoyo zuwa cikin mota yana kisa ba tare da wari ba.

Bututun da ke manne da turbo kuwa aikin ƙwararren makanike ne. Zafin wurin yakan kai digiri 900, notinansa sukan karye, kuma a nan sensar da ke taimaka wa kwamfutar mota wajen auna mai take. Wasu za su ce turbo na son hanya a buɗe. Gaskiya ne, amma idan iskar da yake turawa ta ƙaru ba a sake saita kwamfuta ba, fistin na iya lalacewa. Cire matatar kuma cutar da maƙwabta ne, don haka ka bar ta.