Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Hanji Ke Hawa Ƙirji Bayan Haɗari?

Wani mai karatu daga Shanga ya rubuto cewa ƙanensa ya yi haɗarin mota a hanyar Yauri zuwa Koko, ya tashi ba ko ƙwarzane. Bayan shekara guda numfashi ya fara yi masa wuya, likita ya ce hanjinsa ya hau ƙirji, kuma za a gyara ta ƙananan huji. Yana tambaya ko hakan na yiwuwa.

Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, kuma ka kyauta da ka tambaya. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata faffaɗar tsoka da likitoci ke kira dayafaram, wadda ke sauka da hawa duk lokacin da muka ja numfashi. Idan sitiyari ya daki ciki, ko mutum ya faɗo daga bishiya, matsin na iya yaga ta, fata kuwa lafiya lau. An fi samun haka a hagu, domin hanta ta tare dama.

Jinkirin ne ke ruɗa mutane, har wasu su ce jifa ne. Ba jifa ba ne. Tsokar ba ta hutawa, don haka yagewar ba ta haɗewa da kanta, kuma kowane numfashi yana zuƙo tumbi ko hanji sama kaɗan-kaɗan har su danne huhu. Hoton ƙirji na farko ma yakan kasa nunawa. Tun a 1579 likitan Faransa Ambroise Paré ya ba da labarin wani soja da hakan ya kashe wata takwas bayan rauninsa.

A tiyatar da aka faɗa muku, ana yin huji uku zuwa biyar, kowane kamar faɗin yatsa, a hura iskar gas cikin ciki don a sami sarari, a zura siririyar kyamara. Likita na kallon allo, ya jawo kayan cikin zuwa mazauninsu, ya ɗinke yagewar da zaren da ba ya narkewa. In ramin ya yi faɗi, a sa masa raga. Zafi bai kai na yanka ba, kuma an fi saurin komawa gida. Amma wanda ke zubar da jini a ciki, ko hanjinsa ya manne sosai, buɗewa ta fi masa, kada ku ɗauka gazawar likita ce.

Ina roƙonka kada ku ja lokaci. Ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti mai na'urar hoton CT, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. In kuwa amai da matsanancin ciwon ƙirji suka taso masa, alamar hanji ya shaƙe ce, a tafi da shi nan take ko da tsakar dare ne.