Ki Nemi Mai Duba Aikinki Kafin Ki Nemi Asibiti

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni, na kuma ji abin da ke damunki: karatun aji na digiri na biyu a fannin halayyar ɗan'adam ya zo gangara, sashenku ya ce kowa ya nemo asibitin da zai yi sanin makamar aiki, ke kuma kin rasa ta inda za ki faro. Kwantar da hankalinki, wuri zai samu in Allah ya yarda. Ni abin da nake jiye miki daban ne: ki samu wurin, ki cika watanninki, a sa miki hannu a takarda, ki fito alhali ba ki iya zama da mai damuwa na minti 40 ki san me kike yi da shi ba.

Na san idon ɗalibai a kan manyan sunaye yake, kuma ba laifi ba ne. Cikin tsofaffin asibitocin ƙwaƙwalwa takwas na gwamnatin tarayya, uku ne ke Arewa: na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri, da na Kware a jihar Sakkwato. Sauran suna Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Uselu a Benin, sai Enugu da Kalaba. Ga kuma na Dawanau a Kano, ga sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Zariya da na Jos. Duk wanda kika shiga cikinsu za ki ga marasa lafiya har ki gaji da gani. Sai dai allon da ke bakin ƙofa ba ya koyar da kowa. Mutum ne ke koyarwa, don haka tambayarki ta farko ita ce: wa zai riƙa duba aikina?

Ki tabbata akwai ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam na asibiti a wurin, kuma ya karɓe ki da bakinsa. Likitan ƙwaƙwalwa zai amfane ki ƙwarai. A zagayen duba marasa lafiya za ki koyi gane cuta, da yadda magani ke sauya mutum, da lokacin da ciwon jiki ke fakewa a rigar taɓin hankali. Amma sana'arku ba ɗaya ba ce. Yadda ake gudanar da gwaji irin MMPI ko na Beck ko na Raven, yadda ake haɗa sakamakon da tarihin mutum a fitar da rahoton da likita zai iya aiki da shi, yadda ake jinya ta hanyar tattaunawa mako bayan mako, waɗannan sai ɗan sana'a. Kuma 'yan sana'ar nan ba su da yawa a ƙasar nan, ɗalibai kuwa ta ko'ina zuwa suke. Za ki tarar da mutum ɗaya riƙe da tarin ɗalibai daga jami'o'i daban-daban, ga aikinsa na kansa. A irin wannan wuri ɗalibi kan zama kamar yaron da aka kai shagon tela ya shekara yana guga da sayo zare, ba a taɓa ɗora shi a kan keke ba. In ƙaramin asibiti ne da mai duba ki zai ware miki awa guda kowane mako, ya karanta abin da kika rubuta, ya ja miki layi da jan biro, ni shi zan zaɓa miki.

Ba a gane haka daga takardar asibiti. Waɗanda suka riga ki ne suka sani. Ki nemi 'yan ajin da ke gabanku, ki bar tambayar ko wurin na da kyau, kowa zai ce miki ba laifi. Ki ce: an taɓa barin ki da mara lafiya ke kaɗai? Da kika fito wa ya tambaye ki yadda aka yi? Kayan gwajin na nan cikakku, ko kwafin kwafi ne da rabin shafukan suka ɓace? In kin samu zarafin halartar taron ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam na asibiti, NACP, ki je, don a can za ki ga mutanen ido da ido, ki ji wanda ke son koyarwa.

Batun takarda kuwa, da sanyin safiya ake kama fara. Kada ki jira sai an gama jarrabawa kowa ya ɗungumo lokaci guda. Ki karɓi wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashenku, da sunan babban daraktan asibitin a kanta, ta faɗi watannin da kike buƙata da ranar da za ki fara. Ki kai da kanki, kwafi biyu. A ofishin karɓar wasiƙu ki miƙa ɗaya, ki roƙi akawun ya buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayan, ki adana shi a jakarki. Ki gaishe shi da kyau, ki san sunansa, domin shi zai gaya miki a teburin wa fayil ɗinki ya kwana. Daga nan ki zarce sashen da za ki yi aiki ki gabatar da kanki, don in takardar ta sauko daga sama a san fuskar mai ita. Ki nemi wuri biyu ko uku, ki kuma tambayi kuɗi tun wuri: wasu asibitocin na karɓar kuɗin horo, alawus kuwa kada ki sa rai, ga masauki ga kuɗin mota. Na ji Kawunki na cewa zai karɓo miki 'yar takarda daga wani babba. Ni dai ban so ba. Takardar babba tana buɗe ƙofa, amma wanda aka tilasta wa karɓar ki ba zai zauna ya koya miki da zuciya ɗaya ba.

Idan an kira ki ganawa, kada ki raina Hausarki. Babban jari ce a asibitocin Arewa, inda ma'aikata da dama sai da tafinta suke jin mara lafiya. Mutanenmu ba kasafai suke zuwa su ce suna da ciwon damuwa ba. Mace za ta ce kanta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata tun da ta haihu. Sau da yawa ma ba ita za ta faɗa ba. Ga miji a kujera, ga uwar miji a tsaye riƙe da kati, ke kina tambayar matar, su suna amsawa, ita kanta na sunkuye tana wasa da bakin hijabi. Ɗaliba sabuwa za ta cika shafi uku da maganar miji ta fito tana murna. Mai duba aiki na ƙwarai zai karanta ya ɗago kai ya ce, “To ita me ta ce?” Sai ki koma ki koyi yadda ake cewa, “Baba, ku ɗan ba mu wuri, zan kira ku yanzu,” ba tare da kin ɓata wa kowa rai ba, kuma ba tare da kin kore su daga jinyar ba, tunda su za su koma gida da ita. Wannan tambaya guda ita ce abin da kike nema a wurin horo.

Dangi ba cikas ba ne a aikinmu. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro, inda a wancan lokacin mara lafiya ke zama a gidajen mutanen gari tare da wani ɗan'uwansa yana zuwa asibiti karɓar magani, har da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Yawancin waɗanda za ki gani sun riga sun sha rubutu, an yi musu ruƙiyya, an ce iska ce ko sammu. Kada ki yi musu dariya, kada kuma ki ja da su a kan imaninsu. Ki tambayi me aka gwada, me ya ɗan taimaka, me ya ƙara cutar da su. Amma inda aka kai ga mari da duka, nan babu sassauci. Kin tuna gidan nan na Rigasa a Kaduna da 'yan sanda suka buɗe a watan Satumba na 2019, aka fito da mutum fiye da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Ki lura da yadda mai horar da ke yake bi da iyalan da ke shirin kai ɗansu irin wannan wuri. A nan za ki gane gwaninta.

In manyan asibitocin sun cika, akwai wasu ƙofofin. Cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye na neman hannu, har da na hukumar NDLEA; rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su a Najeriya. A Borno ƙungiyoyi irin su IOM da gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu sun daɗe suna aiki da waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Za ki koyi abubuwa da yawa a can, amma kafin ki ɗauki jaka ki samu amincewar sashenku a rubuce cewa za su lissafa miki watannin, ki kuma tabbata akwai ƙwararren da zai sa hannu. Ni dai da so samu ne, ki fara da asibiti tukuna, inda in abu ya fi ƙarfinki akwai likita da nas a kusa.

Kafin ranar da za ki fara, ki karanta dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta yi magana a kan haƙƙin mara lafiya da yardarsa da sharuɗɗan kwantar da shi. Sirrinsa amana ne: ban da ɗaukar hoton fayil a waya, ban da ba da labari a gida ko da kin ɓoye suna, garin nan kowa ya san kowa. Za a riƙa kiran ki likita saboda farar riga. Ki gyara musu cikin fara'a, kuma kada ki taɓa cewa a ƙara ko a rage ƙwaya. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa ne, ki sanar da mai duba ki a ranar, kafin mutumin ya bar harabar asibiti. Idan kuma wani labari ya bi ki har shimfiɗa ya hana ki barci, shi ma ki kai masa, cikin aikinsa ne.

Littafin da kike rubuta aikinki ki cika shi kullum kafin ki tashi, a riƙa sa miki hannu duk ƙarshen mako. Wasiƙar shaidar kammalawa kuma ki karɓe ta a makonki na ƙarshe, tun kina cikin asibitin. Ma'aikatan lafiya yanzu ba sa daɗewa wuri ɗaya, yau sauyin wurin aiki gobe Ingila ko Saudiyya, kada ki dawo bayan wata shida ki tarar da wani a kan kujerar da bai san ki ba. In kin tsara sunayen wuraren da kike so, ki turo mini mu duba tare kafin ki je wurin shugaban sashe. Ki gaida Yaya da yaran.